Shekara bakwai ina jan bela da tsohuwar tarakta

Jiya da yamma na ɗaure damin ƙarshe na wannan yankan, na kashe tarakta na zauna a kanta kusan minti goma ban sauko ba, kunnena yana ta amsa ƙarar nan ta dum, dum, dum duk da komai ya tsaya. Dami 380 da 'yan kai na ingirici, guda huɗu kacal suka fito babu ƙulli. Wanda bai taɓa aikin ba zai ce to meye a ciki, amma ni na san ranar da na ɗaure talatin ashirin suka watse a ƙasa, shi yasa naga gara in zauna in rubuta abin da na fahimta tun yana sabo a kaina, musamman saboda masu yawan tambayata wai tsohuwar tarakta irin tawa zata iya jan injin ɗaure ciyawa kuwa, wanda muke ce wa bela?

Zata iya, wallahi zata iya. Sai dai ba yadda sabuwa ke yi ba, kuma in ka matsa sai ta yi irin na sabuwa to kai da ita da belan duk zaku ji jiki.

Tawa Massey Ferguson 135 ce, dizal, injin Perkins mai silinda uku, cikin waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 zuwa 1975. Ta girme ni. Ƙarfin da take bayarwa ta PTO, wato sandar nan da ke juyawa a bayanta tana juya kayan aiki, kusan doki 38 ne lokacin tana sabuwa. Belan kuma New Holland 273 ne, ƙarami, mai fitar da dami mai kusurwa huɗu, akwatinsa inci 14 ne da 18. Su biyun sa'o'in juna ne, zamaninsu ɗaya, kuma wannan ma wani abu ne da mutane ba sa lura da shi, ai lokacin da aka ƙera irin wannan belan taraktocin da ke gonaki irin tawa ne, don su aka yi shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne, bela ba ruwansa da gudun tayarka, shi abin da ya sani 540. Dole PTO ya juya sau 540 a minti, a tawa hakan na zuwa ne in allurar agogon inji ta kai wajen 1,700. A wannan juyin fulanja, wato gudumar da ke danna ciyawa cikin akwati, yana duka wajen sau 65 a minti, kuma filawil ɗin nan mai nauyi da ke gaban bela shi ke tara ƙarfin da zai tura wuƙa ta yanke ciyawa a kowane duka. Shekarata ta farko in naga layin ciyawa ya yi kauri sai in rage totur, a zuciyata tausayin injin nake ji, ashe cutarsa nake yi. Kana rage totur filawil ya rasa ƙarfi, fulanja ya iso kan ciyawa ba kuzari, sai kaji inji ya yi gurnani, tas, boltin tsaro, wato wanda aka yi don ya karye in nauyi ya yi wa bela yawa, ya karye, ka sauko. Totur a barshi inda yake. In gudu kake so ka rage, giya zaka canza.

Toh a nan ne tsufa ke nuna kansa. Sababbin taraktoci giya goma sha biyu, sha shida, wasu ma ba su da mataki sam, yadda kake so haka zasu tafi. Tawa shida ce gaba biyu baya, uku a ƙaramin zango uku a babba, kuma a cikin shidan nan biyu ne kawai ke da amfani wurin ɗauri, ta biyu da ta uku a ƙarami. In ciyawa ta yi yawa ta uku ta yi mata sauri, in ba ta da yawa ta biyu ta yi sanyi bela na ta dukan iska. Tsakaninsu babu komai. Na daɗe ina jin haushin wannan, har na fara tunanin neman wata taraktar.

Kawuna ne ya warware mini. Ya zo rannan ya same ni a ƙasa da sifana a hannu, bolti na huɗu kenan na canza tun safe, bai ce komai ba ya bi layin ciyawar da ƙafa har ƙarshen gona ya dawo, sannan yace, “Kai ɗan nan, ba taraktar ce ta gaza ba, kai ne ka cika mata baki. Wa ya tara wannan layin?” Nace ni ne Kawu, layi uku na haɗe wuri ɗaya don in rage zagaye. Yace, “To ka rage zagaye ka ƙara saukowa. Tunda ba zaka iya daidaita gudu da ciyawa ba, sai ka daidaita ciyawa da gudu.”

Wannan maganar ita ce duk ilimin, sauran bayani ne kawai. Da tsohuwar tarakta aikin ɗauri ba ranar ɗauri yake farawa ba, ranar da ka ja manjagara ka tara layi ranar ka riga ka yanke hukuncin ko zaka sha daɗi ko zaka sha wuya. Yanzu in zan tara, giya ta biyu nake tarawa wa, layi madaidaici, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tudu nan rami can ba, faɗinsa bai kai faɗin bakin kwasa ba don kada gefe ya riƙa tserewa. Inda ciyawa ta yi ƙanƙanta in haɗe biyu, inda ta yi albarka in bar ɗaya. A kan kwana kuma inda manjagara ke tara tsibi, in sauka in baza da hannu tun kafin bela ya iso, minti biyu ne, ya fi minti ashirin na zaro ciyawar da ta toshe.

Yadda nake sanin ko na daidaita, ƙirga nake yi. Daga lokacin da naji ƙarar ƙulli, ƙwas, sai in fara ƙirga dukan fulanja har zuwa ƙwas na gaba. In na samu 12 zuwa 15 a dami mai tsawon kusan santimita 90, lafiya lau. In ya sauko bakwai ko takwas to ina ɗura masa fiye da ƙima, damin zai fito tsawo daban daban, wani dogo wani gajere, kuma bolti na hanya. In ya haura ashirin ɓata mai nake yi, sannan damin na iya lanƙwashewa gefe ɗaya don ciyawa ba ta cika akwatin ko'ina ba. Bayan shekara biyu uku ma ba sai ka ƙirga ba, kunnenka ke gaya maka. Injin Perkins ɗin nan in yana jin daɗi muryarsa ɗan sunkuyawa take kaɗan a kowane duka ta miƙe nan take, in ya fara sunkuyawa bai gama miƙewa ba wani dukan ya sake zuwa, to ƙafata na kan kuloci tun kafin in yi tunani.

Maganar kuloci kuwa, dan Allah duk mai niyyar wannan aiki ya fara duba wannan kafin komai. 135 tana da kuloci mai hawa biyu, ka taka rabi tayoyi su tsaya PTO ya ci gaba da juyawa, ka taka har ƙasa duka su tsaya. Wannan rabin takun shi ne rayuwar aikin, don in ka iso tsibi sai ka tsaya cak bela ya haɗiye abin da ke bakinsa sannan ka ci gaba. Akwai tsofaffin da ba su da haka, misali Ford 8N da aka yi daga 1947 zuwa 1952, PTO ɗinta da giya a haɗe suke, kana taka kuloci komai ya rabu da inji lokaci ɗaya, ciyawa ta tsaya a maƙogwaron bela. Abin da ya fi wannan haɗari ma, filawil mai nauyi bai san ka taka kuloci ba, yana ci gaba da juyawa, sai ya juyo da ƙarfinsa ta shaft, wato sandar da ta haɗa PTO da bela, ya shiga giya ya tura taraktar gaba kana taka birki tana tafiya. In gabanka shinge ne ko rami shikenan. Maganinsa ɗan ƙarfen nan da ake sawa a bakin PTO mai barin juyi ya wuce ta hanya ɗaya kawai, in belan ba shi da nasa a jiki to kar a soma a fita babu shi. Sannan a 135 libar PTO wuri biyu take shiga, ɗaya na bin juyin inji ɗaya na bin juyin taya. Na inji ake sawa. In ka sa na taya, kana yin ribas shaft zai juya baya, kuma bela ba a yi shi don haka ba.

Yanzu bari in faɗi ranar da ta fi min ciwo. Shekara ta uku ce, ciyawa ta bushe yadda ake so, launinta kore shar, hadari kuma ana hango shi nesa. Ban duba bela ba tun da na ajiye shi bara, giris kawai na ɗan buga masa na fita. Dami na sha takwas naji wata ƙara da ban taɓa ji ba, kamar an buga guduma kan tukunyar ƙarfe. Ko da na sauko allurai biyun da ke kai igiya wurin na'urar ƙulli duk sun karye. Sarƙar da ke juya na'urar ƙulli ta saki ta tsallake haƙori, lokaci ya ɓaci, allurai suka shiga akwati daidai sanda fulanja ke tahowa da ciyawa. Kuma akwai wani ƙarfe a ƙasan akwati da aka sa musamman don wannan, in allura na ciki sai ya ɗago ya tare fulanja, bolti ya karye a madadin allura. Nawa tsatsa da ƙaiƙayi sun riƙe shi, bai ɗago ba. Kwana huɗu kafin in samu wasu allurai, ruwa ya sauka sau biyu a kan ciyawar, ina kallo ta koma baƙa. Na zagaya gonar nan ranar na kasa magana, don ba kuɗin allura ne ya dame ni ba, abincin dabbobi na watanni ne ya lalace saboda duban minti goma da ban yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun daga nan, mako guda kafin yanka, tarakta a kashe, shaft a cire, nake kama filawil in juya shi da hannu a hankali, in saki na'urar ƙulli da kaina in kalli komai yana tafiya kamar a mafarki. Dole bakin fulanja ya ɗan wuce kan allura kafin ta leƙo cikin akwati, don ta bi ta cikin tsagar da ke jikin fulanja, awon yana cikin littafin kowane bela kuma a bi shi daidai. In taɓa ƙarfen tsaron nan in ga yana motsi da sifirin ɗinsa. In ja sarƙa. In kwance kulocin da ke jikin shaft in barshi ya ɗan zame don faifansa kan manne in ya daɗe a ajiye, sannan in mayar. Wuƙar fulanja da wadda ke jikin akwati su yi kaifi, tazararsu kada ta kai milimita ɗaya, don dakusasshiyar wuƙa ita ke cinye ƙarfin tsohuwar tarakta fiye da komai, mutum ya yi ta zargin inji alhali tauna ciyawa ake yi ba yanka ba. Boltin tsaro kuma irin wanda aka ce shi ake sawa, ba wanda ya fi shi tauri ba, ba guntun rodi ba. An yi shi ne don ya karye. In ka hana shi karyewa wani abu mai girma zai karye a madadinsa.

Na'urar ƙulli ita ce abin da kowa ke tsoro, ni kuma ita na fi so a duk jikin belan. Asalinta ya girmi bela nesa ba kusa ba, wani Ba'amurke John Appleby ne ya fito da ita a wajajen 1878 don injin ɗaure damin alkama, sai a 1937 Ed Nolt a Pennsylvania ya haɗa bela mai kwasa da ɗaurewa da kansa, New Holland suka fara ƙera shi a 1940. Har yau tsarin bai wani canza ba, ɗan ƙarfe mai kama da bakin tsuntsu ya juya sau ɗaya ya cafke igiya, wuƙa ta yanke, hannu ya share ƙullin ya faɗi, duk kafin ka ƙifta ido. Wani lokaci nakan tsaya ina juya shi da hannu don kawai in kalla.

Abin da na koya game da ita, in ta ƙi ɗaurewa kar ka kai mata sifana, ka fara ɗaukar igiyar da ta faɗi ka karanta. Igiya ba ta ƙarya. In ƙulli na a bakin da allura ta kawo ɗaya bakin kuma babu, to igiyar da ke kan dami ce ta zame daga faifan da ke riƙe ta, ko riƙon ya yi sako sako ko ka matse damin da yawa. In kuma ƙullin na a bakin da ya bi ta kan dami ne kawai, to ba a kai igiyar allura wurin bakin tsuntsu ba, duba ɗan yatsan da ke tura ta, duba kuma ƙarafunan nan masu sifirin da ke hana ciyawa dawowa baya in fulanja ya janye, sau da yawa ƙaiƙayi ne ya cika ƙarƙashinsu. In babu ƙulli ko ɗaya kuma bakin ya tsattsage, riƙon ya yi tsanani yana yanke ta. In ƙulli ya maƙale a bakin tsuntsu, tsatsa ce ko 'yar wuƙar ta dakushe. Kuma abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda, kwatan juyi, a ɗaure dami biyar a gani. Mai juya noti uku lokaci ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Igiya ma a tsaya kan iri ɗaya, in ka saita da ta sisal ka koma ta roba sai ka sake saiti, kuma lambar da ke jikin ƙunshin, 9,000 ko 7,200, tsawo ne a ƙafa, mai ƙaramar lamba ta fi kauri.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna da cizo. Daga ƙarshen sandar PTO zuwa ramin fil na ƙarfen ja inci 14 ne ƙa'ida, in ba haka ba kana shan kwana zakaji kuros, wato gaɓar shaft, na kakkarwa. Kwana mai tsanani dai a guje shi, in ya zama dole a tsaida PTO. Lagireto kuwa ƙaiƙayi yake sha kamar me, tsohuwar tarakta da dama ruwanta na kusa da zafi, duk bayan awa biyu nake tsayawa in goge ragar gaba. A gangara ba na haɗa amalanke a bayan bela, don taraktar ba ta fi tan ɗaya da rabi da 'yan kai ba, bela ya haura tan ɗaya, ka ƙara lodin dami a baya to su ke tuƙa ka ba kai ba. Masu 135 mai Multi-Power, wato ƙarin giyar nan mai sama da ƙasa, su tuna in tana a ƙasa inji ba ya riƙe ta a gangara, sakin kanta take yi.

Shaft kuma, ba zan gaji da faɗa ba. Juyi 540 a minti sau tara kenan a daƙiƙa ɗaya. In ya kama gefen riga babu wanda ya isa ya janye, babu. Murfin robar nan in ya fashe a canza shi. In bela ya toshe a cire PTO, a kashe inji, a jira filawil ya tsaya cik, don yana daɗewa yana juyawa shiru bayan an kashe, sannan a sa hannu. Yara kada su matso ko kusa. Tsofaffin taraktocin nan yawancinsu ba su da ƙarfen kariya in sun kife, ba su da wani makunnin da zai kashe inji in ka tashi daga kujera, hankalinka ne kawai kariyar.

Sai danshi. Ƙaramin dami irin wannan ana so danshin ciyawa ya sauko kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari kafin a ɗaure. Ina da ɗan na'urar awo amma har yanzu sai na murɗa tafi guda a hannu, in ta ƙi karyewa ko na kankare kara da farce ya yi laushi, a jira. In yamma ta yi raɓa ta fara sauka zakaji da kanka, dami ya ƙara nauyi, tarakta ta fara nishi, a nan sai in sassauta hannayen matsi biyu da ke bayan akwati, in abin ya ci gaba in tsaya gaba ɗaya ko da layi uku ne suka rage. Ɗanyen dami in aka jibge shi zafi yake yi daga ciki, makonni shida na farko su ne abin tsoro. In zafin ya kai digiri 55 a sa ido kullum, 65 an shiga haɗari, wajen 80 kuwa wuta na iya tashi da kanta, kuma a wannan matakin ba a buɗe tari ba tare da 'yan kwana-kwana a kusa ba don iska na shiga zai kama.

Na jiya dai da dama ya shiga. Yau da safe na zura sandar ƙarfe cikin tarin na barta minti ashirin, na zaro ta da sanyinta, Alhamdulillah, zan kuma ci gaba da zurawa duk safiya. Saura in zaro damin da ya rage a cikin akwati kada ya jawo tsatsa, in hure ƙaiƙayi, in shafa wa bakin tsuntsu giris. Guda huɗun da suka watse duk ɓangaren hagu ne, na ajiye igiyoyinsu a aljihu, ƙullin na a bakin allura, don haka faifan riƙo na hagu zan fara dubawa gobe in Allah ya kaimu.